Wane alƙalamin tawada ne zai jure aljihu a zafin Tawa?

Wani malamin kolej daga Tawa ya aiko da wannan tambaya: "Hannuna na ciwo in na daɗe ina gyaran takardun ɗalibai da bik, shi ya sa nake son in koma alƙalamin tawada. Na sayi wani a kasuwa, bai jima ba ya ɓata mini aljihun riga, in kuma na ajiye shi kwana biyu sai ya ƙi rubutu. Kullum a kan moto nake. Wane iri ne zai jure zafinmu da ƙura? Sannan tawadar allo tana yi a cikinsa?"

Malam, sannu da aiki. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce ke iya kashe alƙalami cikin yini guda. Kada ka zuba tawadar allo a ciki, ko da an tace ta sau nawa. Tawadar allo gawayi ne ko kunkunniya da aka dama da ƙaro, kuma ƙaro in ya bushe danƙo yake zama. A wurinta ba ta da laifi ko kaɗan. Duk wanda ya taɓa ganin tsoffin littattafan Larabci da ajami da ke ajiye a cibiyar bincike ta IRSH a nan Yamai, waɗanda Boubou Hama ya fara tarawa, ya san tawadar malamanmu na daɗewa. Amma an yi ta ne don alƙalamin gamba ko na kara, wanda ake tsomawa, in ya toshe a kankare, in ya dakushe a sake feƙewa. Alƙalamin tawada kuwa hanyar da tawada ke bi a cikinsa tsaga ce siririya da ba ta kai milimita guda ba, ba ka da yadda za ka sa wuƙa ka kankare ta. Hukuncin ɗaya ne ga baƙar tawadar zane ta Sin da ake sayarwa a shagunan kayan makaranta, da tawadar da ake ɗiga wa hatimi, da ta injin buga takarda. Abin da za ka nema shi ne kwalba ko kartush, wato ƴar robar tawada da ake sawa cikin alƙalami, da aka rubuta a jiki cewa na alƙalamin tawada ne.

Yanzu ga ɓata aljihu. Mutane da yawa na ɗauka alƙalamin ya fashe ne, alhali mafi yawan lokuta lafiyarsa lau, iska ce ta yi aikinta. Ma'ajiyar tawada a rufe take ta ko'ina sai ta wajen baki. Duk ɗigon da ya fita, sai ƴar iska ta shiga ta cike gurbinsa ta wannan baƙar robar da ke kwance ƙarƙashin bakin ƙarfen, wadda ita ce magudana. Wannan musanya ta tawada da iska ita ce dukan sirrin alƙalamin, ita ce kuma abin da Lewis Waterman ya yi suna da gyarawa a Amurka a 1884. To tun da haka ne, kullum akwai iska a kulle tare da tawada, kuma tana ƙaruwa yayin da tawadar ke raguwa. Iska in ta ji zafi kumbura take. Daga maki 25 zuwa 45 takan ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100, sannan tururin ruwan tawadar kansa ya ƙara kusan wani kamar haka. Ka lissafa da kanka. Ƙaramin kartush da ya rage kaɗan, iskar da ke ciki wajen rabin mililita ce, abin da za ta turo ɗigo guda ne da ɗan kai. Waɗannan siraran haƙoran da ke jikin magudana don wannan aka yi su, su riƙe ɗigon har ka rubuce shi. Amma babban alƙalami da ake cika dukan gangar jikinsa da tawada, in ya rage saura kaɗan yana iya ɗauke da iska mililita 2, abin da za ta turo kuwa ya kai ɗigo biyar ko fiye. Haƙoran ba su iya riƙe wannan, sai ya yi amai cikin murfi, kai kuma ka buɗe ya zubo maka a hannu da riga.

Tsallaka maki 20 cikin ƴan mintoci shi ke jawo wannan. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu abin yau da kullum ne: ka fito daga ɗaki mai klim, ko ma daga inuwar ɗakin malamai da safe, ka hau moto da azahar rana na dukan ƙirji. Maganin ba ya cin ko dala. Bakin alƙalami ya kalli sama duk lokacin da ba ka rubutu. In yana tsaye, iskar da ta kumbura tana saman tawada, sai ta sulale ta magudana ta fita ba ta turo komi ba. In yana kwance ko baki ƙasa, tawada ce ke tsakanin iska da ƙofa, dole ita za ta fara fita. Saboda haka wurinsa aljihun ƙirji, a maƙale. Aljihun gefe na kaftani da na wando kwantar da shi suke yi da zarar ka zauna. In cikin jaka ne, nemi wurin da zai tsaya. Akwatin da ke ƙarƙashin kujerar moto da gaban gilashin mota kuwa haramun ne gare shi, nan zafi na wuce maki 60, ba amai kaɗai ba har roba na iya lanƙwashewa. Sannan kada ka jira ya ƙare ƙaf kafin ka cika. In ya sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin uku a lokacin bazara, cika shi. Haka za ka yi a jirgin sama ma in Allah ya kira ka Makka: ko a cike maƙil, ko babu komi ciki, baki a sama.

Girgizar moto wani abu ne daban. Ita ba ta sa amai, amma tana fantsama ƙananan ɗigo cikin murfi, su taru su shafi wurin da yatsu ke kamawa. Duk ƙarshen mako ka naɗe ƴar takarda mai laushi ka goge cikin murfin, shi ke nan.

Ƙin rubutu bayan kwana biyu kuwa, nan ne ainihin zancen yake, kuma nan ne nake son ka kashe kuɗinka. A ƙasarmu murfi ne ke raba alƙalamin kirki da na banza, ba sunan kamfani ba, ba kuma bakin zinariya ba. Tawada kusan dukanta ruwa ce. Daga hunturu zuwa farkon bazara danshin iskar Adar kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, wani lokaci ƙasa da haka sosai. Duk ƴar kafar da ke jikin murfi, ta nan ruwan zai ƙafe, rinin ya rage a baki ya daskare. Murfin kirki yana da wani ƙaramin murfi a cikinsa wanda ke zama daram a kan wuyan alƙalami ya toshe bakin ruf. Leƙa ciki da fitilar salula za ka gan shi. Alƙaluman kasuwa masu ƙyalƙyali da nauyi, waɗanda aka yi don a ba da kyauta, da yawansu ko babu wannan murfin na ciki, ko yana nan amma bai zauna ba, ko kuma an huda wurin da aka ɗaura maƙalin har iska na wucewa. Kada dai ƴan ramukan da ke saman wasu murafu su ruɗe ka. An yi su ne don in yaro ya haɗiye murfi ya samu numfashi, kuma a alƙalamin kirki ba su ratsa murfin ciki ba. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka cika, ka rufe, ka ajiye a tsaye mako guda cikin hunturu. In ya kama rubutu a harafin farko, riƙe shi da kyau.

Wanda ya fi kowa damuwa da wannan matsala shi ne kamfanin Platinum na Japan. Sun sa ɗan sifirin a bayan murfin ciki, yana danna shi a kan wuyan alƙalami kullum. A babban alƙalaminsu mai suna 3776 Century, wanda ya fito a 2011, sun ce tawada ba ta bushewa har shekara biyu. A ƙaraminsu Preppy kuma sun ce shekara guda. Wannan lissafin Japan ne, ƙasa mai danshi, kada ka sa ran haka a Tawa. Amma ko kashi ɗaya cikin goma ka samu ya ishi malamin makaranta. Preppy roba ce mai haske kamar ta bik, ba shi da kwarjini ko kaɗan, a Turai kuɗinsa wajen Yuro 5 ne, wato jika 3 da ƴan kai. Rauninsa robar murfi na iya tsagewa in ana jefa shi ko a zauna a kai. Duk da haka in aka ce in zaɓi alƙalami ɗaya don hunturu, shi zan ɗauka in bar waɗanda suka ninka shi kuɗi sau ashirin.

Lamy Safari yana cikin waɗanda aka fi ba masu farawa shawara a duniya, tun 1980 yake kasuwa. An yi shi da roba mai tauri irin wadda ba ta jin faɗuwa, yana da taga da ake ganin saura tawada, maƙalinsa waya ce mai ƙarfi da ke kama aljihu ko moto na tsalle, ana kuma zare bakinsa da hannu a sa wani in ya lalace. Kuɗinsa tsakanin Yuro 20 da 25, wajen jika 13 zuwa 16 kafin kuɗin kawowa. Murfinsa madaidaici ne, bai kai na Platinum ba, amma ga wanda ke rubutu kullum ya wadatar. Abu biyu za ka kiyaye. Jabunsa ya cika duniya, har da kwali da takarda, don haka in aka yi maka farashin da ya yi daɗi fiye da kima ka san abin da ke nan. Sannan wurin riƙonsa mai kusurwa uku ne, yana tilasta wa yatsu zama ɗaya, wasu na jin daɗinsa wasu kuma ba sa shiri da shi.

Kaweco Sport gajere ne, a rufe bai wuce santimita 10 da rabi ba, sai ka sa murfin a baya ya zama cikakken alƙalami. Murfinsa na murɗawa ne, yana rufe da kyau. Sai dai ba ya zuwa da maƙali, daban ake saye, kuma in babu maƙali kwanciya zai yi a gindin aljihu, mun koma maganar amai. Pilot Kakuno da Pilot MR bakinsu na da santsi ƙwarai ga kuɗinsu. Akwai kuma masu ɓoyayyen baki, zuriyar Parker 51 na 1941, wanda roba ta lulluɓe bakin duka sai ɗan tsini. Wannan ƙira ta dace da mu fiye da yadda ake zato, don bakin da iska ba ta bugu kai tsaye ya fi jure zama a buɗe. Hero 616 na Shanghai kwaikwayonsa ne, yana da araha sosai, amma sa'a ce: cikin kwali ɗaya wani ya yi kyau wani ya yi yoyo, sai an gwada kafin a biya. Na tagulla da na ƙarfe masu nauyi ka bar wa masu sa hannu sau biyu a yini. Ƙarfe na ɗaukar zafi, yana santsi da gumi, kai kuma ciwon hannu ne ya kawo ka.

Tun da gyaran takardu ne aikinka, akwai zaɓi tsakanin murfin dannawa da na murɗawa. Na murɗawa ya fi toshe iska a galibi, amma mai gyaran kwafi yana karanta rabin shafi, ya ja layi, ya sake karantawa. A ƙarƙashin fanka cikin hunturu, minti guda ko biyu a buɗe sun isa bakin ya bushe. Ba za ka yi ta murɗawa sau ɗari ba. Na dannawa ya fi maka, ko kuma ka koyi zura alƙalamin cikin murfi sako-sako ba tare da ka rufe ba yayin da kake karatu. In ka zo buɗe na dannawa, baki sama, a hankali da babban yatsa. Fizga da ƙarfi tsotso tawada take yi zuwa cikin murfi.

Kaurin baki kuwa takardarka ce za ta zaɓa maka. Layukan da ke cikin kayen ɗalibanmu, ƙanana masu tazarar milimita 2 da manya masu milimita 8, wani mai sayar da littattafai a Faransa, Seyès, ya tsara su a 1892 don rubutu da bakin ƙarfe da ake tsomawa. Dattawan da suka yi makarantar boko kafin ƴancin kai da ƴan shekarun da suka biyo baya suna tuna tebur mai rami na gidan tawada, da tawada mai launin shunayya, da takardar tsotsa. Bic Cristal ya fito a 1950, a 1965 aka halatta bik a makarantun Faransa, daga nan masu yin takarda suka samu sauƙi, don tawadar bik mai ce mai kauri, ba ta damu da irin takarda ba. Layukan sun rage, ingancin takardar ya tafi. Takarda mai nauyin giram 90 irin ta Clairefontaine tana ɗaukar kowane baki. Takardar fotokofi mai giram 80 dama-dama. Amma siraran kaye masu arha da yawancin ɗalibai ke saye shan tawada suke yi, harafi ya yi naso ya ɓullo ta baya, ka ba yaro maki a shafi ɗaya ya bayyana a shafi biyu. Saboda haka siririn baki za ka nema. A na Turai ka ɗauki mai alamar F, wato siriri, ko EF da ya fi shi siranta. A na Japan F ɗinsu ya fi na Turai siranta da kusan mataki guda, Preppy mai lamba 03 daidai ne. M, wato matsakaici, ka bar shi sai kana da takardarka ta kanka.

Kada wani ya ci kuɗinka da zancen zinariya. Abin da ke taɓa takarda ɗan ƙwallo ne na ƙarfe mai tauri da aka liƙa a tsini, iri ɗaya ne a bakin zinariya da na ƙarfe, kuma gogewar da aka yi masa ce ke kawo santsi. Zinariya na ɗan ba da laushi in an danna, iyakarta ke nan. Rubutun "Iridium Point Germany" da ake gani a bakin alƙaluma masu arha ba shaida ce ta komi ba.

Shawarar da nake ba kowa a nan ita ce ka tabbatar da inda za ka riƙa samun tawada kafin ka sayi alƙalami. Akwai kartush na kowa da kowa, gajeren mai tsawon milimita 38, wanda ke shiga Kaweco da Pelikan da Waterman da yawancin alƙaluman ƴan makaranta na Faransa da Jamus. Shi ne ya fi sauƙin samu a shagunan kayan makaranta na Yamai, musamman gab da komawa makaranta. Lamy da Parker da Pilot da Platinum kuwa kowa da nasa, na wani ba ya shiga na wani. Wanda ya kawo maka Safari daga tafiya da kartush biyar, ya ba ka aikin wata guda ne kawai. Hanyar fita biyu ce. Ko ka sa a haɗo maka da ɗan famfon da ake sawa a gurbin kartush a zuƙo tawada daga kwalba, na Lamy sunansa Z28. Ko kuma ka sayi sirinji a kantin magani, ka dakusar da tsinin allurar a kan dutse, ka riƙa cika tsohon kartush daga kwalba. Kartush ɗaya na jure cikawa sau da yawa kafin bakinsa ya saki, in ya fara sako-sako ka jefar. Kwalba mai mililita 50 ta fi gajerun kartush 60, ka ga bambancin kuɗi. In kartush za ka saya, ɗaga shi ga haske tukuna. Ruwa na ƙafewa ta jikin roba ko ba a huda ba, kuma kayan da suka shekara a shagon kwano sukan zama rabi. Irin wannan tawadar ta yi kauri, in ba yadda za ka yi ka cike ta da ɗan ruwa mai tsabta ta sirinji.

Irin tawada ma na da magana. Shuɗiyar ƴan makaranta, wadda farin alƙalamin gogewa ke sharewa, ita ce mafi sauƙin hali. Ba ta toshe alƙalami, in ta zuba a shadda ruwan sanyi da sabulu na fitar da ita muddin ba a bari ta kwana ba, ba a kuma sa guga ba. Amma abin da ya sa take fita daga riga shi ne ya sa take fita daga takarda. Gumin hannu na shafe ta, ɗigon ruwan damina na wanke ta, rana na kodar da ita. Kada ka sa hannu da ita a takardar fili, ko ta bashi, ko rajistar maki. Ga takarda maras kyau, tawadar Pelikan 4001 ta yi suna wajen rashin yawan gudu, shi ya sa ba ta cika naso ba. Waterman ta fi ta gudu, tana gyara alƙalami mai rowar tawada. Ga abin da ake son ya daɗe akwai tawada mai sinadarin ƙarfe, irin 4001 shuɗi-baƙi ko Salix ta kamfanin Rohrer & Klingner. Tana sauka da haske, ta yi duhu in ta sha iska, ta kama takarda yadda ruwa ba ya ɗauke ta. Aikin da kuloko ke yi ke nan a kan fatar da aka jeme da bagaruwa: ƙarfe ya haɗu da ɗacin itace ya ba da baƙi. Ita ce ta fi kowace ladabi a kan takarda mai arha. Sharaɗinta kada a bar ta ta bushe cikin alƙalami, don tana barin tsaki mai wuyar fita. Mai murfin kirki kaɗai ake ba ita.

Ja kuma, wadda ita ce abincinka, ita ta fi rigima. Rinin ja da na ruwan lemo sun fi saurin taruwa su yi ɓawo a gefen baki in ruwa ya ƙafe, suna kuma rina roba mai haske. Ɓawon ba ya lalata komi, tsumma mai danshi na ɗauke shi, amma a zafinmu za ka riƙa ganinsa. Ware wa ja alƙalaminta daban, kada ka riƙa sauya launi a guda ɗaya, kuma kada ka gauraya tawadar kamfani biyu a kartush.

Wanki abu ne mai sauƙi. Kowane wata, ko duk sanda rubutu ya fara yankewa, cire kartush, ka tura ruwa mai sanyi ta wuyan har ya fito fari, ka girgiza, ka tsayar da bakin a kan takarda mai tsotsa ya kwana. In ya daskare sosai jiƙa wuyan cikin kofi da ɗigon sabulun wanke-wanke guda. Ruwan zafi, da alkol, da ruwan jabel, da fetur, duka a'a: wasu na fasa roba wasu na cin ƙarfe. In ruwan unguwarku na barin farin gishiri a jikin buta, yi ɗaurayar ƙarshe da ruwan gora. Ƙura kuwa ba ta shiga alƙalamin da ke rufe, ta kan takarda take hawa. Kwafin da suka kwana a kan tebur cikin hunturu, kaɗe su ka shafe da hannu kafin ka fara, in ba haka ba bakin zai kwashi ƙura da zaren takarda a tsagarsa ya fara ja da kauri. In hakan ta faru, zura gefen siririyar takarda mai ƙarfi cikin tsagar ka ja sau biyu. Reza da allura buɗe tsagar suke yi, ba ta komawa. Rufe kwalba ma da zarar ka cika, ka ajiye ta cikin kwalinta a ƙasan kabad inda rana ba ta kai.

Ciwon hannun da ka ambata zai ragu ne kawai in ka sauya riƙo. Bik sai an danna ƙwallon ke juyawa, shekara da shekaru hannu ya saba da matsa. Alƙalamin tawada mai lafiya nauyin kansa ya isa ya ja layi. Gwada: riƙe shi ta can ƙarshen gindi da yatsu biyu ka ja a kan takarda, in bai rubuta ba to yana da matsala. Kwantar da shi kamar rabin tsaye, rubutun da ke jikin baki na kallon sama, ka sassauta yatsu. Makon farko za ka riƙa kama kanka kana dannawa. Masu rubutun Larabci da ajami ma na tambaya ko yana tafiya daga dama zuwa hagu. Mai zagayayyen tsini ko ta ina tafiya yake, sai dai ba ya ba da kauri da siranta irin na gamba da aka yanke a karkace. Wannan sai baki mai faɗi.

Duk da haka kada bik ya bar aljihunka. Takarda mai kwafi biyu ko uku da kabon sai an danna, ba aikin alƙalamin tawada ba ne. Takarda mai sheƙi da rasit na inji ba sa shan tawadar ruwa. Sannan ga maganar aro. A banki, a mari, a ɗakin malamai, da an hango maƙali a aljihu sai ka ji "Malam ɗan ara mini bik." Hana aro a wurinmu abin kunya ne, wanda bai saba ba kuma zai fizge murfin murɗawa, ya juya bakin, ya danna har ƙarfen ya wage. Miƙa masa bik da fara'a. In babba ne da ba ka iya hanawa, buɗe da kanka ka ba shi, murfin ya zauna a hannunka, ka ce "a hankali yake so, Alhaji." Alƙalamin da ba murfi ba ya bin mutum gida.

Da ni ne a matsayinka, Preppy biyu zan sa a kawo mini, 03 duka, ɗaya na ja ɗaya na shuɗi-baƙi, da kwalba ɗaya ta kowane launi da sirinji. In kuma ba ka da mai kawowa daga waje, in ka shigo Yamai ko ka aiki direban da ka sani, a nemo maka alƙalamin ƴan makaranta na roba mai cin gajeren kartush, siririn baki, mai murfin ciki. In ka shekara da shi ka ga hannunka ya karɓa, sannan ka yi tunanin Safari. Wanda ka riga ka saya ma kada ka jefar tukuna. Wanke shi, ka sa masa shuɗiyar tawada, ka yi masa gwajin mako guda. In murfin ne ke shan iska ta wurin maƙali, ɗigon kakin kyandir daga ciki kan toshe kafar, ya zama na kan tebur a gida. In aka ba da babban hutu kuma, duk alƙalamin da ba za ka taɓa ba har Oktoba ka juye tawadarsa, ka wanke, ka bar shi ya bushe kafin ka rufe.